Yadda Za Ka Sarrafa Fedar Oktaf Ta Ƙara wa Jitarka Kauri Ko Kaifi

Ranar da na fara taka fedar oktaf, wato ƙaramin akwatin da ake takawa da ƙafa ya ƙara wa sautin jita wata murya mai kauri ko siririya, na ɗauka lalatacciya na samu. Na kama kod ɗin da na saba buɗe kiɗa da shi, wato sautuka da yawa da ake kaɗawa tare, tsirkiya shida gaba ɗaya, sai amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ta amsa da wani gurnani mai tsalle-tsalle, ba kai ba gindi. Wani dattijon makaɗi da muke atisaye tare ya ɗago ya ce, "Yaro, ba a tauna taura biyu. Ba ta tsirkiya ɗaya, ka danne sauran." Na koma gaɓa ta 7 (gaɓoɓi su ne rabe-raben wuyan jita inda ake danna tsirkiya) a kan tsirkiya ta 5, na kaɗa sauti ɗaya tak da tsokar babban yatsa. Abin da ya fito ya cika ɗakin, kamar mai jitar bes, jitar nan mai kaurin murya, ya zo ya tsaya a bayana yana bin yatsuna sawu da ƙafa.

Tun daga ranar nake kallon wannan feda a matsayin abokiyar aiki mai sharaɗi. Abin da ka ba ta shi take ninkawa. In ka ba ta sauti mai tsabta, ta mayar maka da kauri mai daɗi ko kaifi mai ratsa kunne. In ka ba ta tarkace, ta ninka maka tarkacen. Saboda haka yawancin abin da za mu yi a nan ya shafi abin da ke shiga cikinta ne, kafin mu zo ga murɗa maɓallanta.

Oktaf ɗin kansa

Kowane sauti girgiza ce. Tsirkiyar da ke girgiza sau 440 a daƙiƙa tana ba da sautin da ake kira A. In girgizar ta ninka zuwa 880, A ne dai, amma siriri: wannan shi ne oktaf na sama. In ta ragu zuwa 220, A ne mai kauri, oktaf na ƙasa. Kunne yana jin su a matsayin abu ɗaya a murya biyu, kamar magidanci da ƙaramin yaro suna rera waƙa ɗaya tare. A wuyan jita, gaɓa ta 12 ita ce ke raba tsirkiya biyu daidai, shi ya sa sautinta yake oktaf ɗin sama na buɗaɗɗiyar tsirkiyar.

Ka riƙe lambobi biyu, don za su yi mana amfani a gaba. Tsirkiya mafi kauri a jita, wato E ta 6, tana girgiza kusan sau 82 a daƙiƙa. Mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana yin kusan 41. Ke nan in feda ta sauke jitarka da oktaf ɗaya, ka faɗa filin mai bes kai tsaye.

Da farko, ka san wace ce a gabanka

Suna ɗaya ake kiran su da shi, amma iri uku ne, kuma halinsu ya sha bamban. Yawancin waɗanda suka saya suka yi da-na-sani, wani irin suke nema suka ɗauko wani.

Na farko shi ne na analog, wato wanda ba ya aiki da lissafin kwamfuta, mai saukar da sauti. Aikinsa ƙirga ne. Yana tace sautin jita, ya ƙirga hawa da saukar girgizar, duk biyu ya fitar da ɗaya. Boss OC-2, wadda ta fito a 1982, ita ce aka fi sani a wannan gida: maɓalli ɗaya na sautin jitarka na asali, ɗaya na oktaf ɗaya ƙasa, ɗaya na oktaf biyu ƙasa. Tunda ƙirga take yi, sauti ɗaya kawai take iya bi a lokaci guda. Biyu suka shigo, lissafi ya rikice. Sautinta ba ya kama da bes na gaske sosai, ya fi kusa da na'urar sintesaiza: mai laushi, mai zagaye, kamar roba. Ba ta da jinkirin da kunne zai lura da shi, kana taɓa tsirkiya tana amsawa. Ni dai har yau ban ji abin da ya kai ta daɗi a ƙarƙashin yatsa ba. MXR Blue Box ma 'yar wannan dangi ce, sai dai ita oktaf biyu take sauka kuma ta haɗa da faz, wato dagulallen sauti mai kaushi da hayaniya.

Na biyu shi ne na analog mai ɗaga sauti, wanda kusan kullum a cakuɗe yake da faz. Injiniya Roger Mayer ne ya ƙera fedar Octavia wa makaɗin jita Jimi Hendrix, kuma ita ake ji a tsakiyar waƙarsa "Purple Haze" ta 1967. Dabararta daban ce. Girgizar sauti tana da rabin da ke hawa da rabin da ke sauka. Fedar sai ta naɗo rabin ƙasa ta mayar da shi sama, tudu ɗaya ya zama biyu, yawan girgiza ya ninka. Sautin da ke fitowa ba mai ladabi ba ne: yana da tsatsa, yana da ƙarar ƙarfe, wani lokaci kamar ana busa wani abu da ƙarfi. Foxx Tone Machine da Univox Super-Fuzz da Green Ringer ta Dan Armstrong duk a wannan layi suke.

Na uku shi ne na dijital. Shi wannan yana ɗaukar sautin ya mayar da shi lissafin kwamfuta, ya sauya masa matsayi, ya dawo da shi. DigiTech Whammy ta 1989 ta buɗe wa mutane da yawa ido, da fedar da ake lilo da ita da ƙafa ana jan sauti sama ko ƙasa. Layin da mutane da yawa ke ɗauka bes ne a farkon waƙar "Seven Nation Army" jita ce aka bi da ita ta Whammy aka sauke da oktaf ɗaya. Daga baya Electro-Harmonix ta fito da POG a 2005, wadda ke karɓar kod cikakke ta ninka shi sama da ƙasa ba rikici. Abin da za ka biya a madadin wannan sauƙi abu biyu ne: ɗan jinkiri kaɗan tsakanin taɓawa da fitowar sauti, da kuma wani ƙyalli a oktaf na sama wanda ke kama da ogan fiye da jita. Boss OC-5 ta 2020 ta haɗa salon tsohuwar OC-2 da salon bin kod a akwati ɗaya.

To ka tambayi kanka tun yanzu. Layi mai kauri na sauti ɗaiɗai kake so? Na farko. Solo mai ihu, wato inda jita ke fitowa gaba ita kaɗai? Na biyu. Kod kake so ya faɗaɗa, ko kana so ka cike gurbin bes da sautin da ya fi kama da na gaske? Na uku.

Shirya jitar da wutar

Wannan matakin gajere ne, amma tsallake shi yana jawo ɓacin rai. Ka saita tsirkiyoyi da kyau, domin sautin da ya ɗan karkace, in aka ninka shi, karkacewar ta fi fitowa fili. Ka duba ko akwai gaɓar da tsirkiya ke zuza a kanta: feda mai ƙirga tana ɗaukar wannan zuzar a matsayin sauti, sai ta yi tsalle. Haka ma kukan wutar lantarki da fikof mai naɗi ɗaya (fikof shi ne abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita) ke kwasowa kusa da fitila ko allon kwamfuta.

Yawancin fedoji volt 9 suke ci, da filogin da tsakiyarsa ke ɗauke da ɓangaren ragi, amma kada ka yarda da "yawanci". Karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wutar, domin akwai tsofaffin na dijital da ke buƙatar wata irin wuta dabam, kuma adafta mara dacewa tana iya ƙona su. Na dijital suna shan wuta sosai, batir ba ya daɗe musu. Na analog kuma in batir ya yi rauni, bin sawunsu ne ke fara lalacewa tun kafin fitilar ta dushe.

Inda za ta zauna a jerin fedoji

Ka'idar ita ce oktaf ta sami sautin jita tun yana ɗanye, kafin wani abu ya dagula shi. Jerin da nake farawa da shi ke nan: jita, na'urar saita tsirkiya, kwamfiresa in kana da ita, oktaf, sannan fedojin datti irin su ovadiraib da distoshan, sai masu lilo da sauti irin su koras, a ƙarshe masu amsa-kuwwa da masu ba da amon ɗaki.

Dalilin sa ta gaban distoshan mai sauƙi ne. Distoshan yana haifar da ƙananan sautuka barkatai a saman na asali, kuma waɗannan su ne ke ruɗa mai ƙirga. Amma in oktaf ta riga ta gama aikinta, distoshan sai ya haɗa muryoyin biyu ya murje su su zama dunƙule ɗaya mai nauyi. Kwamfiresa kuwa, in ta zo kafin oktaf, tana daidaita ƙarfin sauti, ta riƙe wutsiyarsa ta daɗe, wanda ke rage tarin da fedar analog ke yi lokacin da sauti ke mutuwa. Kada dai ka matse ta da yawa, don za ta ɗago hayaniyar da ke ƙasa.

Akwai wurin da wannan ka'ida ke cin karo da wata. Tsofaffin faz irin Fuzz Face suna son su ga jita kai tsaye, ba wata feda a tsakaninsu. In ka sa musu oktaf a gaba, sautinsu yakan yi tsini, kuma maɓallin ƙarar jita ya daina tsabtace su yadda ya saba. A nan sai ka zaɓa. Ko dai faz ya zo farko, oktaf ta dijital ta biyo baya, tunda ita tana iya jure datti fiye da ta analog, ko kuma ka bar oktaf a gaba ka karɓi canjin. Ka gwada duka biyun da kunnenka, minti biyar ya isa. Ita kuwa fedar oktaf mai faz irin Octavia, a farkon jeri take so ta zauna, kuma ɗan ovadiraib a bayanta yana rage mata tsatsa ba tare da ya kashe ihun ba.

Hannu: nan ne aikin yake

Mu fara da mai saukar da sauti ta analog, don ita ce mafi tsanani, kuma duk wanda ya iya da ita ya iya da sauran.

Mayar da makunnin jita kan fikof na wuya. Murɗa maɓallin launin sauti na jita baya, zuwa kusan rabi ko ƙasa da haka. Abin da kake yi shi ne rage ƙananan sautukan da ke rakiyar kowane sauti, don feda ta ga uwar girgizar ita kaɗai. A kan fedar, sa sautin asali a tsakiya, oktaf ɗaya ƙasa a tsakiya, oktaf biyu ƙasa a rufe gaba ɗaya. Amfilifaya ta kasance a tsabtace.

Yanzu kaɗa sauti ɗaya tsakanin gaɓa ta 5 da ta 12, a tsirkiya ta 5 ko ta 4. Kaɗa shi kusa da ƙarshen wuya, nesa da gada, inda tsirkiyoyi ke kafe a jikin jita, da tsokar yatsa ko da 'yar robar kaɗawa a hankali. Saurara har ya mutu. Za ka ji wuri uku: farkon bugu, inda wani lokaci fedar ke ɗan yin tuntuɓe, tsakiya, inda take zaune daram, da wutsiya, inda take fara tari tana tsalle tsakanin oktaf biyu. Aikinka shi ne ka tausasa farkon, ka yanke wutsiyar kafin tarin ya fara. Yankewa kuwa da sassauta yatsan hagu ake yi, ba tare da ɗaga shi daga tsirkiyar ba.

Sai batun danne sauran tsirkiyoyi, wanda shi ne sirrin duka. Jita ba ta yin shiru da kanta. In ka kaɗa A a wani wuri, buɗaɗɗiyar tsirkiyar A tana amsawa a ɓoye. Kunnenka ba zai damu ba, amma feda ta ji, kuma a wurinta sauti biyu ne. Don haka gefen tafin hannun dama ya kwanta a kan tsirkiyoyin da suka fi wadda kake kaɗawa kauri, cikin yatsan manuni na hagu kuma ya shafi waɗanda suka fi ta siranta. Tsirkiya ɗaya ce kawai take da izinin magana.

Ga atisayen da nake ba duk wanda ya tambaye ni. Rufe sautin asali gaba ɗaya, ka bar oktaf na ƙasa shi kaɗai, don babu inda kuskure zai ɓuya. Ɗauki sautuka biyar da ka saba da su a kusa da gaɓa ta 7, ka hau ka sauka a hankali, kana tabbatar da cewa kowane sauti ya mutu kafin na gaba ya fara. Wurin da za ka fi jin tuntuɓe shi ne lokacin ƙetarawa daga wata tsirkiya zuwa wata, inda tsoho da sabo ke haɗuwa na ɗan ƙiftawar ido. Ka tsaya a wannan wurin, ka maimaita har ya goge. Minti goma a rana na mako ɗaya zai canza hannunka, kuma ribar ba ta tsaya a kan wannan feda ba: in ka kashe ta za ka tarar kiɗanka gaba ɗaya ya ƙara tsabta.

Jan tsirkiya da zamiya daga gaɓa zuwa gaɓa suna tafiya da ita lafiya lau, har ma nan ne take fi daɗi, domin sauti ɗaya ne ke tafiya ba yankewa. Gaɓoɓin farko na tsirkiya ta 6 kuwa sukan ba ta wahala. In kana son wannan sautin, nemo oktaf ɗinsa na sama a wani wuri a wuyan jitar.

Fitar da oktaf na sama daga faz

Mutane da yawa suna sayen irin Octavia, su taka, su ce faz kawai suke ji, ina oktaf ɗin? Yana nan, sai an kira shi.

Fikof na wuya, maɓallin launin sauti a baya, sannan ka hau gaɓa ta 12 zuwa ta 15 a tsirkiya ta 3 da ta 2. Akwai dalilin da ya sa wannan wuri ya fi ko'ina, kuma ina jin daɗin bayyana shi. In ka danne gaɓa ta 12, rabin tsirkiya ne ke girgiza. Tsakiyar wannan rabin tana faɗawa daidai inda gaɓa ta 24 za ta kasance, kuma a jitoci da yawa nan ne fikof na wuya yake zaune. A tsakiyar tsirkiya uwar girgiza ta fi ƙarfi, 'yan rakiyarta sun fi rauni. Ke nan fikof yana miƙa wa feda sauti mafi tsabta da jitar za ta iya bayarwa, naɗin ya fito daidai wa daida, oktaf ya tashi sarai.

Kada ka ƙure maɓallin faz. Yawan datti yana binne oktaf ɗin. Fara daga kashi ɗaya cikin uku, sannan ka rage ƙarar jita zuwa 7 ko 6. A nan za ka ji wani sauti mai kama da ƙararrawa, wanda ke canzawa gwargwadon ƙarfin bugunka. Bugu mai taushi ya fi fito da shi.

Sauti biyu a lokaci guda ba haramun ba ne a nan, amma sai ka zaɓa. Irin wannan feda tana haifar da sababbin sautuka daga jimla da bambancin waɗanda ka ba ta. In ka kaɗa A mai 220 tare da E mai kusan 330, bambancinsu 110 ne, wato A na ƙasa, sai ka ji wani kauri ya ɓullo wanda ba ka kaɗa ba. Shi ya sa tazarar biyar, wato nisan da ke tsakanin A da E ɗin nan, da ta huɗu ke fitowa da ƙarfi da daɗi. Tazarar uku kuwa, musamman ƙarama, tana haifar da sautukan da ba su jitu da kowa ba, kamar an buga ƙarfe a kan ƙarfe. Wani lokaci wannan ɗin kake nema, a ƙarshen solo misali. Ka dai san cewa kai ka zaɓe shi.

Saituna da za ka fara da su

Don kaurara layin kiɗa: sautin asali cikakke, oktaf na ƙasa kusan kashi ɗaya cikin uku, ovadiraib matsakaici a baya. Ma'aunin da nake bi shi ne in ɗaga oktaf ɗin har in ji shi a fili, sannan in rage kaɗan. Ya kamata mai sauraro ya ji jitar ta yi nauyi ba tare da ya gane dalili ba, sai lokacin da ka kashe fedar ya ji wani abu ya ɓace. Kuskuren da na fi gani shi ne ƙure wannan maɓalli, domin a ɗaki kai kaɗai yana da daɗi, amma cikin sauran makaɗa sai ya zama laka.

Don bes na sintesaiza: ta analog, sautin asali a rufe, oktaf ɗaya ƙasa a buɗe sosai. Ka yi gajerun sautuka masu yankewa. In ka bi shi da faz ko fedar tace sauti mai buɗewa da ƙarfin bugu, za ka manta jita ce a hannunka.

Don kwaikwayon jita mai tsirkiya 12: ta dijital, sautin asali cikakke, oktaf na sama kaɗan, na ƙasa a rufe, ɗan koras a baya. Ka sani ba zai zama daidai ba. A jita mai 12 ta gaske, tagwaye huɗu masu kauri ne kawai ke da oktaf, biyun sirara sauti ɗaya suke maimaitawa. Feda kuwa kowa take ɗagawa, don haka tsirkiya ta 1 da ta 2 sukan yi tsini. Rage launin sauti, ka fi zama a kan tsirkiyoyin tsakiya.

Don sautin ogan: na sama da na ƙasa duka a buɗe, sautin asali a rage, sai feda mai kwaikwayon lasifika mai juyawa ko koras mai sauri. Abin da ke tona asirin jita shi ne farkon bugu, saboda haka ka fizgi tsirkiyoyin kod ɗin tare da yatsu a lokaci ɗaya maimakon sharar su, ko ka shigo da sautin a hankali da maɓallin ƙara. Wasu fedoji irin POG2 suna da abin tausasa farkon bugu a jikinsu. Kod mai sauti uku ya fi mai shida fitowa, tunda kowane sauti zai zama uku.

Ga mai kiɗa shi kaɗai kuma, akwai dabarar da ta fi duka amfani. Boss OC-3 da OC-5 suna da maɓallin da ke iyakance oktaf ga sautuka masu kauri kawai, a bar sirara yadda suke. A OC-5 har ana iya sa ta bi sauti mafi kauri a cikin kod shi kaɗai. Babban yatsa sai ya zama mai bes, sauran yatsu su ci gaba da jita.

Amfilifaya, lasifika da mai bes

Mu dawo kan lambobin nan. An gina lasifikar jita ne don sautin da ya fara daga wajen 80 zuwa sama. Oktaf ɗaya ƙasa da buɗaɗɗiyar E yana kai ka 41. Oktaf biyu yana kai ka kusan 20, bakin iyakar abin da kunnen mutum ke ji. Lasifikar ba za ta fitar da wannan ba, sai dai ta yi ta bugun iska tana wahala, kuma da ƙara mai yawa tana iya lalacewa, musamman ƙarama a akwati mai buɗaɗɗen baya. In ka ji tana fat-fat kamar tuta a iska, rage kaurin amfilifaya ko oktaf ɗin nan take. Shi maɓallin oktaf biyu ƙasa, amfaninsa yana can sama da gaɓa ta 12, inda yake sa wa siririn solo ƙasa mai nauyi.

In da gaske kake son cike gurbin bes, raba hanya. Fedoji da dama, irin Micro POG da OC-5, suna da ramin fita biyu. Tura sautin asali zuwa amfilifayar jita, oktaf zuwa ta bes. Bambancin ba kaɗan ba ne: kowanne ya sami lasifikar da aka yi dominsa, kuma za ka iya sa wa jitar datti ba tare da kaurin ya dagule ba.

In kuma akwai mai bes a ƙungiyarku, ku yi magana kafin ku hau dandamali. Filinsa kake shiga. Ko dai ku kaɗa layi ɗaya tare daidai, wanda ke ba da nauyi mai girgiza ƙirji, ko ka taka fedar a inda ya yi shiru, ko ka tsaya sama da gaɓa ta 7 a siraran tsirkiyoyi yadda oktaf ɗinka ba zai sauka cikin nasa ba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ku biyu kuna yawo daban-daban a ƙasa, don sautuka masu kauri da ke kusa da juna ba sa rabuwa a kunne.

In ta ƙi

Ruwa ba ya tsami banza, kuma kowace irin gardama tana da inda ta fito. In sauti yana tsalle sama da ƙasa tun daga farko, kaifi ya yi yawa: koma fikof na wuya, rage launin sauti, matso da bugu kusa da wuya. In sai a wutsiya yake tari, yanke shi da wuri ko ka sa kwamfiresa a gaba. In sauti ɗaya ne tak ke ba da matsala a duk wuyan, wataƙila wurin ne jitar ba ta riƙe sauti sosai, sai ka nemi wannan sautin a wata tsirkiya. In ta dijital ce kake jin kamar tana biyo ka a baya, ƙara sautin asali, domin shi ba ya jinkiri, kuma kunne farkon bugunsa yake kamawa. In kuwa oktaf na sama yana huda kunne, sa ovadiraib mai duhu a bayansa, ko ka rage kaifin amfilifaya kafin ka taɓa fedar.

Duk saitin da ka samu ya yi maka, ka gwada shi da ƙarar da za ka yi kiɗa da ita a gaban mutane, tare da ganga da bes, domin kunne yana ƙara jin kauri yayin da ƙara ke hawa, kuma abin da ya yi daidai a ɗaki yakan yi yawa a dandamali. In ya tsaya da ƙafarsa a can, manna 'yar takarda mai gam kusa da kowane maɓalli, ka ja layi da biro a inda ya tsaya.